Akushin Magaji

Litinin, uku ga Rajab, da hantsi

Kai da ka buɗe adudun mutane ka tarar da takardun nan, tunda ka iya bincike, bari in ga ko ka iya kacici-kacici. Wace mace ce ta sa hannu a akushin Magaji, ta cinye tuwon mamaci tas, ta lashe yatsa, kuma har gobe durƙusa mata ake yi in za a gaishe ta? Kada ka yi gaggawa. In ka kasa sai ka ba ni gari, amma ban da Dakoro, wannan na daɗe da cinye ta.

Sunana Dela. Ubana malamin ƙauye ne, ya koya mini baƙi da wasali, ban kai ko'ina ba aka ɗaura mini aure, shi ya sa rubutuna yake tafiya kamar sawun kaza a kan rairayi. Shekara arba'in da uku ke nan ina gidan Magajin gari, gidan da tun kakanni shi ke raba rijiyoyi da gonaki a ƙasar nan. Takardar ta Magaji ce, mijina, fatake suka kawo masa daga Agadas. Ba zai neme ta ba.

Abin da ya faru jiya Lahadi bayan azahar ba zan rubuta shi ba. Abin da zan rubuta shi ne, Malam Attaher liman ya shigo ɗakin Magaji ta ƙofar baya, shi da Ɗangoggo tsohon baranmu, da fartanya da farin ƙyalle. Ba su fito ba sai la'asar sakaliya. Ni da surukata Halimatu muka sake daɓen tsakar ɗakin, muka jawo gado muka ɗora a kai. Wanda ya tambaya, Magaji yana hutawa, Malam ya hana ido ya gan shi.

Ɗana Rabo wata huɗu ke nan yana Agadas, ubansa ya aike shi sasanta maganar ruwa da Buzaye. Al'adar garin nan kuwa, ranar da aka buga tambari aka ce babu Magaji, cikin mazan gidan wanda yake gari shi dattawa ke naɗawa kafin kwana uku. Wanda yake gari shi ne Sallau, ƙanen Magaji, tsoho mai dogon wuya da ya shekara arba'in yana jira kamar ungulu a kan mahauta. Na tura Rhissa Buzu a kan raƙumi ya kirawo Rabo. Ya ce kwana takwas zuwa, goma komowa, in Allah ya so.

Talata, huɗu ga wata, bayan azahar

In Magaji ba ya da lafiya, gari ba shi yake kallo ba, akushinsa yake kallo. Sau biyu a yini, hantsi da la'asar, matar ɗan Magaji ke ɗaukar baƙin akushin daga madafa, ta ratsa tsakar gida a idon kowa, ta kai ɗaki, ta komo da shi. In ya fito wayam, gari ya kwana lafiya. Sallau ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin aduwa, daidai inda yake hango ƙofar.

Tuwon nan ba ya zubuwa. Bazara ce, rumbuna sun yi ƙasa, kajin gidan nan ko ƙwayar gero ɗaya ka binne sai sun tono ta sun kai wa Sallau rahoto. A cikin ɗakin kuma babu sauran wurin haƙa. Sai dai a ci. Dokar akushin kuwa ko yaro ya san ta: namijin da ya sa hannu, sarauta ya nema, ya jira hukuncinsa. Macen da ta sa hannu, ta bar gidan da zanen jikinta, 'ya'yanta na gida ne.

Ni na ɗauki azumin tsofaffi tun ɗaya ga wata, kowa ya gani. Saura Halimatu.

Halimatu ɗiyar Jimrau ce, mai haƙar rijiya a Korahane. Rabo ya gan ta a bakin rijiya tana jan guga, ya kafe sai ita, ubansa ya gaji ya bar shi. Shekararta huɗu a gidan nan, kuma ba a taɓa barin ta manta cewa a cikin rami ubanta yake neman abinci ba. Siririya ce kamar karan dawa, ga sanyin murya. Ɗiyarta ɗaya, Habi, tana wurina yaye, mai kai kamar duma, ta ɗauko ni a rashin kunya.

Jiya da hantsi na ajiye akushin a gabanta na ɗauke faifai. Tuwon gero ne da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, da tsoka biyar ta rago. Ta daɗe tana kallonsa.

"Inna, in an tambaya wa ya ci fa?"

"Sai in ce ni. Wa zai kori tsohuwa?"

Ta ce in rantse mata. Na ce mai azumi ba ya rantsuwa. Ta yarda, ɗiyar talaka, kome ka gaya mata da muryar manya sai ta yarda. Ta juya wa gadon baya ta ci. Na ce ta fara da naman tun yana da zafi, in kitse ya daskare ba ya wucewa a maƙogwaro cikin ɗakin nan. Ta ce ya aka yi na sani. Na ce tsufa.

Laraba, biyar ga wata, la'asar

Magaji ya ci.

Alhamis, shida ga wata, da walaha

Sallau ya matsa sai ya gaida wansa. Malam Attaher ya ce ta bayan bango kaɗai, don wanda ya kutsa ɗakin Magaji babu izini ya fita daga masu gado. Malam ba ya ƙarya, shi ya sa kome aka tambaye shi sai ya ce a yi wa Magaji addu'a, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ƙaryar ni aka bar wa, kuma ban yi gardama ba.

Na shiga na zauna a bakin gado. Sallau ya tsaya a waje yana jero gaisuwa, ya jiki, ya zafi, ya ƙarfin jiki. Na cusa baki a cikin tulu na yi tarin Magaji, irin mai hawa uku da kaki a ƙarshe. Shekara arba'in da uku ina kwana da tarin nan, in ban iya shi ba ai na yi asara. Na fito na ce wa Sallau wansa ya amsa, ya ce kuma ya daina tsayuwa a rana kada wuyan ya ƙara tsawo. Matan gida suka yi dariya. Halimatu tana cikin ɗaki ta toshe baki da mayafi, na ɗauka ita ma dariya take yi. Ashe amai ne ke taso mata. Na ce ta haɗiye abinta, wannan ma ba shi da wurin zuba.

Asabar, takwas ga wata, hantsi

Magaji ya ci. Ya bar ƙashi ɗaya a tsotse, kamar yadda ya saba.

Lahadi, tara ga wata, bayan azahar

Zafi. Daɓen ya tsage a gefen ƙafar gado, na liƙe da yumɓu, na ƙara turaren wuta. Matan gida sun ce ɗakin Magaji na ƙamshi kamar na amarya.

Yarinyar nan ta ɗauko wata ɗabi'a. In ta shiga sai ta durƙusa ta gaida gadon, ta ce Baba ka yafe mini, sannan ta ci. Na ce ta bari, ba ya son surutu lokacin hutawa. Ta ce shi kaɗai ne a gidan nan bai taɓa kiranta ɗiyar mai rami ba. Na ce ai bai san sunan ubanta ba ne.

Ta tambaye ni ko baban Habi zai ji daɗi in ya san abin da ta yi masa. Na ce ƙwarai, maza ai ba sa mantuwa. Na faɗa ban yi dariya ba, ka yaba mini.

Litinin, goma ga wata, la'asar

Magaji ya ci.

Laraba, goma sha biyu ga wata, bayan azahar

Jiki ba ya ɓoye alheri. Kwana tara na man shanu da nama da fura mai nono, kumatun Halimatu sun fito, wuyanta ya yi layi biyu, fatarta tana sheƙi kamar an shafa wa ƙwarya mai. A gidan da kowace mace ta ƙara wa zanenta ɗauri saboda rama, ita kaɗai ta sassauta nata.

Mata sun fara ƙus-ƙus a wajen daka. Ba akushi suke zargi ba, wannan ko a mafarki ba su kawo shi. Watanni suke ƙirgawa da yatsa: miji wata huɗu ba ya gari, mace tana amai, tana cika. Matar Sallau ta zo ta tsugunna kusa da ni, wai ta zo aron maburgi, ta ce ko na lura. Na ce ni dai ban ga kome ba. Na faɗa da irin muryar da ake cewa an gani. Gara su kalli cikinta da su kalli akushi. Kafin azahar zancen ya kai bakin rijiya.

Halimatu ta ji. Ta same ni ina yi wa Habi tsifa, ta ce in tsawata musu. Na ce bakin mutane ba tulu ba ne balle in rufe. Habi ta miƙa mata hannu, na juyar da kan yarinyar na ce mai yaye ba ta ganin uwa, kada a ɓata mini aiki.

Alhamis, goma sha uku ga wata, bayan la'asar

Kada a ce ban yi mata kome ba. Yau na nuna mata hanya.

Akwai Uwale, bazawarar da ke yi mana daka, ba dangin iya ba na baba, ga kwaɗayi, ga ba ta tambaya. Na ce wa Halimatu ta riƙa tsame naman tana sa wa a ƙwarya, ta kai wa Uwale bayan rumbu, ta ce sadaka ce. Kwana bakwai ya isa Uwale ta yi kumatu. In ranar tambaya ta zo, akwai wadda za a nuna, kuma wadda ba ta da abin rasawa sai turmi.

Ta dube ni kamar na ce ta yanka jariri. "Uwale ta yi mini mi, Inna?"

Na ce ba ta yi mata kome ba, shi ya sa ma. Ta ce ai ba sai an kai ga haka ba, tunda na ce ni zan ɗauka. Na ce haka ne, na manta.

Wanda ya ƙi tsani kada ya zagi rijiya. Ita ɗiyar mai rijiya ce, ya kamata ta fi ni sani.

Jumma'a, goma sha huɗu ga wata, hantsi

Magaji ya ci. Babu labarin Rhissa.

Asabar, goma sha biyar ga wata, bayan la'asar

Jimrau ya zo daga Korahane da ƙafa, wai ya ji Magaji ba lafiya. Ya kawo zabi biyu da ban san inda ya same su ba, shi da haƙarƙarinsa ake ƙirgawa ta cikin riga. An shigo da shi zauren mata. Da ya ga ɗiyarsa sai fuskarsa ta washe, ya riƙa kallonta yana godiya, yana cewa gidan girma gidan girma ne, a shekarar da mutane ke cin ganyen jiga dubi yadda aka riƙe masa ɗiya. Ya durƙusa mini har ƙasa. Na ce ai tamu ce, abin da Magaji ya ci shi take ci.

Da la'asar ta yi ta ɗauki akushi. Na bi ta, na tarar ta ƙulle tsoka ɗaya a bakin zane. Na ce wa za a kai wa. Ta ce ubanta kwanansa biyu bai ci ba. Na ce in naman Magaji ya shiga bakin namiji, ta san sunan abin, ubanta zai nemi sarautar Dakoro ke nan da fartanyarsa. Na kwance ƙullin, na tsaya a kanta har ta haɗiye. Tana taunawa hawaye na zuba cikin miyar. Na ce ta rage, gishirin ya isa.

Na sallami Jimrau da mudun dusa. Ya yi godiya har bakin ƙofa.

Lahadi, goma sha shida ga wata, hantsi

Zabin sun yi daɗi, in ji waɗanda suka ci.

Litinin, goma sha bakwai ga wata, da la'asar

Sallau ya tare ni a gindin aduwa. Ba wasan da muka saba na ƙanen miji da matar wa, bai ce mini tsohuwa mai ƙafar agwagwa ba, ban ce masa zalɓe ba. Ya ce in zauna. Na ce ƙafata lafiya lau.

"Matar yaya, na taɓa ganin marar lafiya mai cinye rabin rago a kwana tara. Shekara arba'in ke nan."

Na ce arba'in da ɗaya, tsufa ya fara dama masa ƙirga. Ban san abin da ya sa na gyara masa ba. Baki ne, wani lokaci yakan riga mai shi.

Sai ya ambaci sunan da ba a ambata a gidan nan. Hawa, matarsa ta fari, wadda aka kora kan maganar akushi lokacin da uban su Magaji ya yi irin wannan dogon hutu, Magaji yana Maraɗi. Watanta bakwai da aure. An ce ba ta kai gidansu ba, ta faɗi a hanyar Azagor, wasu sun ce da ciki. Sallau ya ce har yau bai yarda ita ta ci ba, ta rantse masa kyauta aka riƙa ba ta a ƙwarya, ba ta kuma faɗi wanda ya ba ta ba don an sa ta rantsuwa. Na ce ni tsohon zance ba ya zama mini a kai. Na ce masa la'asar na wucewa.

Na shiga ɗaki na ce wa Halimatu yau ta bar rabin tuwon, marar lafiya ba kullum yake da marmari ba. Sai na tuna rabin ma a gaban Sallau zai wuce, gari ya ce Magaji ya fara sallama. Na ce ta cinye.

Talata, goma sha takwas ga wata, hantsi

Magaji ya ci. Ban yi barci sosai ba, zafi ne.

Laraba, goma sha tara ga wata, almuru

Wani makiyayi ya ce ya ga raƙuma bakwai sun sauka a rijiyar Azagor. Na gaya wa Halimatu, ta zauna a ƙasa kamar an sare ta, sai dariya, sai kuka. Ta ce in ba ta aron lalle. Na ba ta, har da tozali. Ta ce gobe in Allah ya yarda in bar ta ta ɗauki Habi ta taryi mijinta da ita. Na ce gobe ta Allah ce.

Ta yi kitso da yamma. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ba ta taɓa yin kyau irin na yau ba, kuma duk gari ya gani.

Alhamis, ashirin ga wata, almuru

Rabo ya shigo gari da la'asar. Kafin ya kai ƙofar gida mutum uku sun tare shi da zancen matarsa, na sani don ni na ga inda matar Sallau ta aika. Ya shigo ɗakin ubansa ta baya, na jawo masa gadon gefe. Ya durƙusa ya daɗe. Da ya tashi na gaya masa kome, ranar Lahadi, Malam, Rhissa, tarin cikin tulu. Ya ce akushi fa. Na ce an yi yadda aka yi. Ya ce wa. Na ce Magajin gobe ba ya tambayar abin da zai hana shi barci. Bai ƙara ba. Ɗan gidan ne, tun yana goye ya san inda ake kau da ido.

Halimatu tana tsakar gida da lallenta, ta durƙusa ta ce sannu da hanya. Ya dubi wuyanta, ya dubi cikinta, ya ce yawwa, ya wuce.

Akushin la'asar bai shiga ba. Kwana goma sha takwas ta yi a kansa, na ƙirga.

Jumma'a, ashirin da ɗaya ga wata, bayan sallar Jumma'a

An buga tambari da asuba. Na yi kuka, mai kyau kuwa, na daɗe ina tara shi. Dattawa sun shiga sun ga daɓen, sun yi addu'a, ba wanda ya ce yaushe. Ɓoyon irin wannan kowa ya san ana yi, wayo ake ce masa, gidan da bai iya ba shi ake yi wa dariya. Bayan sallah suka naɗa wa Rabo rawani. Yanzu shi ne Magaji, sunansa ya fita daga bakina.

Gobe dangi za su yi caffa, kowa ya sa hannunsa a nasa. Sallau bai fito ba.

Asabar, ashirin da biyu ga wata, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Maza suna zaure, mu mata muna bayan zana muna ji. Kowa ya miƙa hannu, saura Sallau, da mutanensa wajen talatin tsaye a waje da sanduna. In bai miƙa ba gari ya rabu biyu. Ya shigo a hankali ya tsaya. Ya ce rawani ya zauna inda Allah ya sa shi, ba shi da ja. Ya ce amma kwana goma sha takwas yana gindin aduwa yana ganin akushi na shiga cike yana fitowa wayam, mai akushin kuwa yana ƙarƙashin daɓe. Ya ce ba zai miƙa hannu ba sai an faɗi hannun da ya shiga, an yi masa abin da aka yi wa na da. Yana magana yana kallon zana, daidai inda nake zaune. Ni yake nema. Ya ɗauka tsohuwar zuma ce aka sake yin magani da ita.

Babban dattijo ya ce a tambayi uwar gida, ita ke da ɗakin. Halimatu tana gefena, ta kama bakin zanena, fuskarta a kwance. Har ta ɗan matsa mini hannu, irin na sannu da ƙoƙari.

Na ce, "Ni tun ɗaya ga wata nake azumin tsofaffi, Malam shaida ne, gari shaida ne. Mu biyu ke shiga ɗakin. Ku dubi wuyana, ku dubi nata."

Aka ɗaga zana. Ba a daɗe ana dubawa ba.

"Inna, kin ce."

"Na ce mi, ɗiyar nan?"

Ta juya wajen zaure, ta ce sa ta aka yi, don mijinta ta yi, kuma cikin da ake faɗa babu shi, tuwo ne. Wasu suka yi dariya. Dattijo ya ce doka ba ta tambayi wanda ya sa ba, hannu ta tambaya. Malam Attaher yana ta jan carbi kamar zai tsinke shi. Ta kira mijinta, ba da suna ba, ta ce baban Habi. Amawalin rawani ya rufe masa baki, idonsa na kan buzun da yake zaune a kai. Bai ɗago ba.

Sallau ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, ba wannan yarinyar ya tambaya ba, a bar maganar. Dattijo ya ce magana zarar bunu ce, ta fita a gaban gari, shi ya nema kuma an ba shi. Ya miƙa hannu. Ya miƙa kamar mai taɓa wuta, amma ya miƙa. Mutanensa suka ajiye sanduna, aka yi guɗa.

Lahadi, ashirin da uku ga wata, da hantsi

Magaji ya aiko Malam da saki. Bai shigo ba, yana karɓar gaisuwar mutanen ƙauye.

Zanen jikinta kaɗai, haka doka ta ce. Matar Sallau ta tsaya a ƙofar ɗakinta kada ta ɗauki ko ludayi. 'Yan kunnen azurfar da aka sa mata ranar aure na gida ne, ni na cire su, kunnen ya yi kauri sai da na ja. Uwale tana daka, ta tsaya da taɓarya a hannu tana kallo, ta ce wa ta kusa da ita ashe masu shiru-shirun nan su ne ɓarayi.

Habi tana cinyata tana shan fura. Halimatu ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce in bar ta ta ɗauke ta sau ɗaya. Na ce saura kwana shida yaye ya cika, in ta ji ƙamshin uwa aikin wata guda ya tashi a banza, kuma wa zai yi ta fama da kukanta, ni ce. Yarinyar ta leƙo ta gefen ludayi, ta dube ta, ta koma kan furarta. Na ce ka ga 'yar gidan sarauta, ta san inda abinci yake.

Halimatu ba ta yi kuka ba. Ta ce in riƙa duba kunnen yarinyar na hagu, yana ruwa in an yi sanyi. Ta miƙe.

"Allah ya ba ki tsawon rai, Inna. Mai yawa."

Na ce amin. Ɗangoggo ya raka ta bakin gari, ya ce ta kama hanyar Korahane ba ta waiwayo ba. Da jikin da ta yi za ta kai. Wannan ai alherin gidan ne.

Litinin, ashirin da huɗu ga wata, bayan la'asar

Magaji ya ci. Wannan karon shi ya ci, na leƙa na gani. Ƙanwarsa ce ta kai akushin kafin a samo masa mata, kuma gidaje uku sun riga sun aiko.

Sallau ya naɗe tabarmarsa daga gindin aduwa. Da zai wuce ya durƙusa ya gaishe ni, yanzu uwar Magaji ce ni, dole ne. Ya daɗe a durƙushe, har na ce ya tashi kada gwiwar ta kafe. Matan gida suka biyo layi, kowace ta durƙusa. Habi ta gani, ita ma ta zo ta yi nata, ta kife da kai, muka yi dariya.

Takarda ta kusa ƙarewa, kai kuma na san ka kasa ko ka ji tsoron faɗa. Riƙe garinka.

Ni ce, Dela. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, kwana tara na ci tuwon surukina a ɗakin nan, a kan wancan daɓen. Kowace safiya ina shan ruwan filasko don kada jiki ya nuna, filaskon yana nan bayan ɗaki har yau, ban nuna wa Halimatu ba. Naman kuwa Hawa matar Sallau nake kai wa a ƙwarya bayan rumbu. Da dattawa suka tambaya, na ce su dubi wuyana su dubi nata.